Fiffike a Kife

Fiffike kalma ce mai kaɗa kanta a baki. Faɗe ta a hankali ka ji yadda leɓe ke buɗewa iska ta fita, ya sake buɗewa ta sake fita, kafin harshe ya zo ya tsayar da ita. Jam'inta ma ya fi ta kaɗawa: fukafukai. Ko wanda bai taɓa jin Hausa ba, in aka furta masa ita, ina jin zai ɗaga kai ya dubi sama.

Mu ma sama muke duba duk sa'ad da muka sa ta a zance. Kuɗin da aka karɓa ranar albashi, kafin sati ya zagayo sun yi fiffike. Labarin da aka faɗa wa mutum ɗaya a zaure, da sharaɗin kada ya gaya wa kowa, kafin la'asar ya yi fiffike ya isa bakin kasuwa. Yaron da ya fara samun na kansa har ya daina durƙusawa in zai gai da manya, shi ma an ce ya yi fiffike, kuma ba za a rasa wata gwaggo a gefe tana cewa a ƙyale shi ba, duniya ta iya figa. Mai mulki kuwa, in ya ga na ƙasa da shi yana neman tsawo, sai ya karya masa fiffike tun bai yi ƙwari ba. In ka lura, a zancen yau da kullum da wuya mu ambaci kalmar da fatan alheri. Mutanen ƙasa ne mu, manoma da fatake da masu tafiya a kan duga-dugai, abin da ya rabu da ƙasa ba mu cika amince masa ba. Shi ya sa karin maganar da ta fi zama a bakinmu game da fiffike gargaɗi ce: in tururuwa ta tashi lalacewa, fiffike take yi. Duk wanda ya taɓa barin fitila a tsakar gida daren ruwan farko ya san ba ƙage aka yi wa ƙwarin ba. Da safe sai tsintsiya.

Abin da ya hana ni sakat da wannan kalma shi ne wani fiffike da aka ƙera musamman don kada a tashi. Yana jikin motocin tsere na Formula 1, waɗannan masu kujera ɗaya, marasa rufi, da tayoyi huɗu a waje tsirara. Ɗaya yana gaba, a shimfiɗe dab da kwalta, ɗaya yana baya a ɗage. Ƙirarsu ƙirar fiffiken jirgin sama ce, sai dai an kife su. Fiffiken jirgi yana karkatar da iskar da ta bi jikinsa zuwa ƙasa, ita kuma ta rama ta tura shi sama. Wadda ke bin gadon bayansa ta fi sauri, matsinta ya fi rauni, ta ƙarƙashi ta rinjaye ta. Juya shi cikinsa ya kalli sama, komai ya juya. Ya watsa iska sama, iska ta danna shi ƙasa, shi kuma ya danna motar da ke ɗauke da shi.

To don me mai neman gudu zai nemi a danne shi?

Don inji ya daɗe da daina zama babbar matsala. Tun kafin yaƙin duniya na biyu motocin tseren Jamus, na Mercedes da Auto Union, suna wuce kilomita 300 a awa in hanya ta miƙe. Kwana ce ke raba gardama. Duk ƙarfin da inji ya tara, da duk abin da birki zai yi, da duk juyin sitiyari, ta wurare huɗu kaɗai suke isa ƙasa, inda roba ta taɓa kwalta. Roba kuwa gwargwadon yadda aka danna ta take kamawa. Mai gaggawar tunani zai ce to a loda wa motar buhunan siminti. Tayoyin za su kama, gaskiya ne, amma sai inji ya ja simintin, birki ya tsayar da shi, in an zo kwana kuma simintin ya ce shi gaba ya nufa, ya fizgi motar zuwa jeji. Abin da ake nema nauyi ne mai dannawa wanda ba a ɗauka, nauyin da ba ya hawa sikeli.

Irin wannan nauyin ai mun san shi. Dattijon da ake cewa mutum ne mai nauyi, wataƙila yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya ɗaga shi. Surukar da ake jin nauyinta ko tsawon kafaɗarka ba ta kai ba. Nauyin iyali kuma shi ne irin wanda ke sa magidanci ya rame. Motar Formula 1 ta 2025, da direba a ciki amma ba mai, kilo 800 ce a sikeli. Tun ba ta kai kilomita 200 a awa ba iska ta riga ta ɗora mata abin da ya kai wannan, kuma lissafin ba a hankali yake hawa ba: in gudu ya ninka biyu, danniya ta ninka huɗu, in ya ninka uku ta ninka tara. Daga nan aka samo zancen da masu sha'awar tsere ba sa gajiya da shi, wai motar za ta iya gudu a rufin rami a kife, tayoyi sama, ba ta faɗo ba. A takarda lissafin ya fita. Ba a dai samu mai irin wannan motar da ya ba da ita, da direban da ya ba da wuyansa, aka gwada ba.

Sai dai nauyin aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Gudu ne jinginar bashin, da ka rage shi mai kaya ya karɓi abinsa. A Monako akwai wata kwana a gaban otal, wadda ta fi kowace tsananin lanƙwasa a duk gasar, inda motocin ke rarrafe da abin da bai wuce kilomita 50 a awa ba. A nan fukafukan da aka kashe wa miliyoyin daloli ado ne kawai. A Silverstone ta Ingila kuwa akwai kwanar da ake kira Copse, ana shigarta da kusan kilomita 290, motar ta bi lanƙwasar ba gardama. Jikin direba ne ke biya. A irin waɗannan wurare ƙarfin da ke fizgarsa gefe yakan kai ninki biyar na nauyinsa, kan da yake kilo 6 ko 7 da hular kwano ya koma sama da kilo 30 rataye a wuya, ana yi ana maimaitawa har tsawon awa ɗaya da rabi. Dubi wuyan kowane ɗayansu in ya cire hula, kusan faɗinsa ɗaya da kan.

Mun gaji cewa sannu ba ta hana zuwa. A cikin wannan motar takan hana. Sabon shiga in aka ba shi ita, tsoro kan sa ya lallaɓa, tayoyinsa su huce, birki ya huce, iska ta janye hannunta, motar ta riƙa zamewa a gudun da gwani zai kira yawon shan iska. Maganin zamewar shi ne ya ƙara wuta, wato abin da duk gaɓoɓin jikinsa ke roƙonsa kada ya yi. A ganina nan jarumtar sana'ar take, fiye da taka totur a miƙaƙƙiyar hanya, wanda kowane mai ƙarar kwana zai iya. Mutum ya tunkari bango yana yarda cewa abin da idonsa ba ya gani yana nan, zai riƙe shi, muddin ya iso da isasshen gudu.

Duk wannan ya saɓa wa abin da kunnenmu ya saba ji. Makaɗanmu in za su yabi mai sauri, nauyi suke rage masa. Ibrahim Narambaɗa da ya yi wa dokin sukuwa waƙa, Dokin Iska ya kira shi, haka kuma masu kirarin dawaki suke bi, kofato ba ya taɓa ƙasa, ƙura kaɗai ake gani. Fasinjan da direba ya tsorata a hanya, in ya sauka cewa yake yi saura kaɗan mu tashi sama. Injiniyan tsere in ya ji an faɗi haka game da motarsa, ba shi ba barci a daren nan. Da za a nema wa motar dangi a cikin tsuntsaye, da an wuce shaho da mikiya an tsaya a kan jimina, wadda ke iya kilomita 70 a awa a kan ƙafa biyu, take buɗe fukafukanta in za ta karya kwana ko ta ci birki, ba ta kuma taɓa sa ran su ɗaga ta ba.

Tunanin kife fiffike ya girmi gasar kanta, wadda aka fara a 1950. A 1928 Fritz von Opel ya liƙa wa motarsa mai roka gajerun fukafukai a gefe don kada ta ɗaga hanci a Balin. A 1956 wani matashin injiniya ɗan Suwizalan, Michael May, ya kafa fiffike a saman Porsche ɗinsa a Nürburgring, ya yi gudun da ya kunyata motocin kamfanin da kansa, aka kai ƙara, aka hana shi shiga tseren da shi. Bayan shekara goma Jim Hall na Texas ya fito da Chaparral mai fiffike a kan dogayen sanduna, har da feda da direba zai taka ya kwantar da shi in hanya ta miƙe. Formula 1 ba ta farga ba sai 1968, amma da ta farga sai ta yi haɗama. Cikin watanni kaɗan motocin Lotus da Ferrari da Brabham suka tsiro fukafukai, kowa yana ƙara wa nasa tsawo don ya kai ga iskar da jikin mota bai dagula ba. Aka ɗora su a kan sanduna sirara, aka kafa sandunan a ƙafafun baya kai tsaye. Ba wanda ya auna da kyau irin kayan da sandunan ke ɗauka.

Ranar 4 ga Mayu 1969, a kan tudun Montjuïc da ke Barsalona, fiffiken Lotus ta Graham Hill ya karye daidai inda hanya ta hau wani ɗan tozo. Nauyin aro ya tafi nan take, motar ta daki shingen ƙarfe. Hill ya fito lafiya. Bayan zagaye kaɗan abokin aikinsa Jochen Rindt, wanda ke kan gaba a tseren, ya iso wurin, nasa fiffiken ya karye a daidai inda na Hill ya karye, ya afka wa ɓaraguzan motar farko ya kife. Hill yana cikin waɗanda suka jawo shi, fuska duk jini, hanci a karye. Mako biyu bayan haka, a Monako, hukumar tsere ta hana dogayen fukafukai ana tsakiyar kwanakin gwaji. Da aka dawo da su sai aka ce su zauna ƙasa-ƙasa, a manne da jikin mota, kada su motsa. Tururuwar dai ba ta lalace gaba ɗaya ba, an rage mata tsawo ne.

Rindt ya tsani fukafukan nan, bai kuma ɓoye ba. A shekarar da ta biyo, a Monza ta Italiya, inda hanya ta fi miƙewa, ya fita gwaji da Lotus da aka cire wa su don ta ƙara gudu. Ranar 5 ga Satumba 1970 motar ta kauce yana cin birki kafin kwanar Parabolica, ta shige ƙarƙashin shinge, ya rasu. Bincike ya ɗora laifin a kan wani sandan birki da ya karye da kuma shingen da ba a kafa da kyau ba. Makin da ya riga ya tara ba wanda ya kamo shi, ya zama zakaran duniya yana cikin kabari, shi kaɗai a tarihin gasar.

Dalilin cire fiffike a Monza shi ne iska ba ta ba da bashi kyauta. Duk abin da ta danna, sai ta ja shi baya. Motar Formula 1, duk da siririn hancinta, ta fi motar gida ta zamani turjiya a cikin iska nesa ba kusa ba. Tayoyin nan huɗu da doka ta ce a bar su a waje suna dagula iska, fukafukai kuma suna kama ta. A kilomita 300, direba in ya ɗaga ƙafa daga totur kawai, bai taɓa birki ba, motar takan rage gudu da ƙarfin da ya yi kusa da na mai motar gida da ya take birki har ƙasa. Saboda haka kowace hanya da cinikinta. A Monako a sa fiffike mai zurfi, tunda ba inda za a miƙe. A Monza a sa siriri, inda matsakaicin gudun zagaye ɗaya ya taɓa wuce kilomita 264 a awa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne birnin Meziko, mai tsayin sama da mita 2,200 daga teku. Iskar can ta yi laushi, ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, har makanikai su ɗora fiffiken Monako su samu abin da bai fi danniyar Monza ba. A can ne Valtteri Bottas ya wuce kilomita 370 a awa a 2016. Mai ba da bashin ne ya talauce, sai ya rage bayarwa ya kuma rage karɓa.

Fiffiken da ya fi kowanne aiki kuwa ba a ganinsa. A tsakiyar shekarun 1970 Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya sa mutanensa su nemo danniyar da ba ta da tsadar jan baya. Injiniya Peter Wright yana gwada ƙaramin samfurin mota a bututun iska na Imperial College da ke Landan, mai bel a ƙasa yana gudu a madadin kwalta, sai alƙaluma suka riƙa tsalle ba dalili. Da aka duba, ashe gefunan samfurin ne ke lotsawa suna kusantar bel ɗin, kuma duk sa'ad da suka kusanta danniya sai ta ƙaru. Aka toshe gefunan da kwali, ta ƙaru ninki. Abin da ke faruwa shi ne iskar da ta shiga ƙarƙashin mota, in aka matse mata hanya sannan aka buɗe mata a hankali ta baya, dole ta ƙara sauri a wurin matsin, in ta ƙara sauri kuma matsinta ya faɗi, sai iskar da ke sama ta danne motar. Daniel Bernoulli ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1738, shekara ɗari da wani abu kafin a ƙera mota. Lotus ta mai da cikin motar kansa fiffike, ta sa labule mai jan ƙasa a kowane gefe don kada iskar waje ta kutsa. A 1978 Mario Andretti ya ci gasar duniya da ita, sauran suna ta leƙen abin da ke ƙarƙashi.

Akwai kalmomi uku da kunne ke haɗawa ko an so ko ba a so: fiffike, fifita, fifiko. A shekarar nan ta 1978 sun taɓa haɗuwa a mota ɗaya. Gordon Murray na Brabham ya gane sirrin Lotus, amma injinsa na Alfa Romeo ya yi faɗi, ya cinye wurin da ramukan iska za su bi. Sai ya kafa ƙatuwar fanka a bayan motar tana zuƙe iskar ƙarƙashi. Doka ta hana duk wani abu mai motsi da babban aikinsa sarrafa iska ne, Murray ya ce ai babban aikin fankarsa fifita inji ne don ya huce, ya kuma kawo lissafi. In motar tana tsaye aka taka totur, ana ganinta tana tsugunawa. Makanikai har murfin kwandon shara suke kifa wa fankar don hana 'yan leƙe. Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita cikin sauƙi a watan Yuni, sauran direbobi suka ce tana watsa musu tsakuwa, masu motoci suka tayar da jijiyar wuya. Bernie Ecclestone, mai Brabham, wanda a lokacin yake neman zama jagoran dukan masu motocin, ya ga fifikon da ya fi na tsere ɗaya, ya janye ta. Sau ɗaya ta fito, ba a taɓa cin ta ba.

Fiffiken ɓoye ya zo da nasa sharrin. Don kada tazarar mota da ƙasa ta canja, aka ƙarfafa sifirin har ya zama kamar babu, direbobi suna fita da ciwon baya, idonsu yana rawa a kan hanya. In labule ya tsage ko taya ta hau dakali, danniyar duka takan ɓace lokaci ɗaya a tsakiyar kwana. A 1983 aka wajabta shimfiɗaɗɗen ciki. Bayan mutuwar Ayrton Senna a Imola a 1994 aka ƙara wata doka da nake ƙauna saboda rashin burgarta: a ɗaura katako mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota, in an gama tsere a auna, wanda nasa ya cinye fiye da milimita 1 ya yi ƙasa da yawa, an kore shi. Michael Schumacher ya ci tseren Beljiyam a shekarar, aka auna katakonsa aka ƙwace nasarar. A 2023 aka kori Lewis Hamilton da Charles Leclerc a Austin kan wannan laifi. Ɗaruruwan injiniyoyi, kwamfutoci masu cika ɗaki, a ƙarshe kuma alƙalin allo ne da ma'auni. Da aka dawo da ramukan ƙarƙashi a 2022, wata tsohuwar cuta ta dawo tare da su: iska ta zuƙo mota ƙasa har hanyarta ta toshe, danniya ta saki, mota ta ɗago, iska ta sake kamawa, haka sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. A Baku an ga Hamilton yana fitowa daga mota da ƙyar, hannu a ƙugu.

Wani lokaci kuma fiffike yakan tuna asalinsa. Kwana ɗaya kafin mutuwar Senna, a wannan hanya ta Imola, fiffiken gaban motar Roland Ratzenberger ya ɓalle ya shige ƙarƙashinta yana gudun sama da kilomita 300. Sitiyari ya zama banza, ya daki bango, bai tashi ba. A Balensiya a 2010 tayar gaban Mark Webber ta hau tayar bayan Heikki Kovalainen, hancin motar ya ɗaga, iska ta sami faffaɗan cikinta ta gaba, duk abin da aka ƙera don dannawa ya koma ɗagawa. Motar ta yi sama, ta juya, ta faɗo a kife, ta mirgina ta koma kan tayoyinta. Webber ya fito da ƙafarsa. Tsakanin dannawa da ɗagawa 'yar karkata ce kawai, kuma iska ba ruwanta da wadda ka nufa.

Shi ya sa masu wannan aiki suke rayuwa cikin neman ganin abin da ba ya ganuwa. Su shafa wa mota fenti mai ƙyalli da aka dama da mai, ta zagaya sau ɗaya, su zo su karanta sawun da iska ta bari. Su gwada samfuri mai kashi 60 cikin 100 na girman mota a bututu, doka ma ta ƙayyade musu awoyin, wanda ya zo na ƙarshe bara ya fi zakara samun lokaci. Adrian Newey, wanda motocinsa suka ci gasa a Williams da McLaren da Red Bull, har yau da fensir yake zane a kan allo. Motarsa ta 2023 ta ci tsere 21 cikin 22.

Akwai wuri ɗaya da kunnen Bahaushe ya saba jin fiffike yana yin ƙasa. Wanda ya zauna gaban mai tafsiri da azumi ya ji, a Suratul Isra'i, inda aka siffanta ladabin ɗa ga iyayensa da suka tsufa da sauke fiffike. Abin da zai iya ɗaga ka, ka mai da shi abin sunkuyawa. Ba haɗa ayar Allah nake yi da wasan masu kuɗi ba. Bambancin ma nake so a gani. Wancan fiffiken don wani ake sauke shi. Na mota don kai ne kaɗai, kuma wanda ke bayanka shi ke kwasar ɓarnar.

Motar da ke gaba tana shan iska mai tsabta, ta bar wa na baya wadda ta riga ta tauna: murɗaɗɗiya, mai juyi, mai tashi sama. Masu tsere, gurɓatacciyar iska suke ce mata. A miƙaƙƙiyar hanya alheri ce, don na gaba ya fasa maka bango, ka lafe a bayansa ya ja ka. Haka aka yi a Monza a 1971, lokacin fukafukai ba su yi ƙarfi ba, motoci biyar suka ƙetare layi cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, Peter Gethin ya ci da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A kwana kuwa masifa ce. Lissafin masu gasar da kansu ya nuna motar 2021, in ta matso mita 10 bayan wata, takan rasa kusan rabin danniyarta. Ka fi shi gudu, ka kamo shi, da ka iso sai fiffikenka ya mutu, tayoyinka su zame su ƙone, ka koma baya ka nemi iska. Gwanintar injiniyoyi ta kai inda ta kashe tseren da aka ƙirƙire ta dominsa, 'yan kallo suna biyan kuɗi su ga jerin gwano.

Maganin da aka kawo a 2011 bai taɓa kwanta mini ba. Aka yi wa fiffiken baya ƙofa, aka ce wanda ke bin wani da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba ya danna maɓalli a wasu wurare, ƙofar ta buɗe, jan baya ya ragu, ya wuce. An samu wuce-wuce, amma da yawansu ba su da ɗanɗano, na gaba yana zaune an ɗaure masa hannu. Dokokin 2026 sun ajiye wannan, suka ba kowa fukafukai masu motsi gaba da baya, a kwantar da su in hanya ta miƙe, a tayar in an zo kwana. Fedar Jim Hall ce ta dawo bayan shekara 60, ta ƙofar da aka kore ta.

Abin da har yanzu ba a samo kansa ba shi ne ruwa. Ranar damina duk iskar da fukafukai da ƙarƙashin mota ke watsawa sama takan tafi da ruwan kwalta, ta tayar da hazo mai tsawon gida a bayan kowace mota. Tayoyin ruwa suna iya kama hanya, na gaba yana gani sarai, amma daga na uku zuwa baya ba mai ganin ko jar fitilar wanda yake bi. Ranar 29 ga Agusta 2021 a Spa ta Beljiyam, dubban mutane sun tsaya cikin ruwa fiye da awa uku suna jira. Daga bisani motocin suka fito suka bi motar jagora zagaye biyu-uku a jere, ba wanda aka yarda ya wuce wani, aka ɗaga jar tuta, aka ce Max Verstappen ya ci, aka raba rabin maki. Hukumar ta gwada sa wa tayoyi marufi, a Silverstone a 2023, sannan a hanyar gwajin Ferrari da ke Fiorano a 2024. Hazon bai ragu yadda ake so ba, don kaso mai yawa daga ƙarƙashin motar yake fitowa, wurin da in aka toshe shi an toshe gudun gaba ɗaya. Aka ajiye maganar marufin.